Ka Hau Jirgin Nan Ranar Alhamis

Zuwa ga Valmond, mijina, uban 'ya'yana, bangon da na jingina da shi shekara arba'in da huɗu bai taɓa tsagewa ba. Kogina mai zurfi da ba ya surutu, wutar murhuna a tsakiyar hunturu, ranar nan ta watan Afrilu da ke fasa ƙanƙara ta saki ruwa. Kai da idan ka miƙe a bayan kwalekwale da gora a hannu, duk wanda ke gaɓar kogin Miramichi ya san gwani ya fito. Abin alfaharina, mai taurin kai, ina gaishe ka.

Ka san ni ba mai zaƙin baki ba ce. Na rene maka 'ya'ya biyu da tsawa da addu'a, ban taɓa yarda a kira ni da sunan shagwaɓa a gaban mutane ba, kuma ban taɓa rubuta maka abin da ya wuce jerin cefane ba. To yau na zauna na kira ka da sunayen da na riƙe a ciki tun ina budurwa, saboda haka ka nemi kujera kusa da taga, inda haske yake, ka karanta har ƙarshe. Na rubuta da baƙin alƙalami mai kauri, da manyan baƙaƙe, shi ya sa takardun suka yi yawa kamar littafi. Kada ka ba Ginette ta karanta maka. 'Yarmu ce, amma wannan magana tsakanina da kai ce.

Jiya bayan an taso daga coci ka bugo waya daga gidanta a Montreal ka ce ka fasa zuwa Ajantina. Tafiyar da 'ya'yanka da tsofaffin baƙinka masu zuwa kamun kifi suka haɗa kai suka shirya maka, wadda jirginta zai tashi ranar Alhamis, ka ce a bar ta, gida za ka dawo. Na tambaye ka dalili. Ka ce ciwon ƙugun nan da nake fama da shi. Ka ce dusar ƙanƙara ta yi yawa bana, wa zai share mini ƙofa, wa zai shigo mini da itace. Har ka ce, "Noella, tsohuwa kamarki ba a barinta ita kaɗai har sati biyu." Tsohuwa, in ji wanda ba ya tashi daga kujera sai gwiwarsa ta yi ƙara kamar ƙofar coci. Itace yana nan jibge har rufin rumfa, kai ka faskara shi da hannunka a watan Oktoba. Ɗanmu Donat gida uku ne tsakaninmu da shi, kullum da safe sai ya biyo da shebur kafin ya wuce aiki. Ƙuguna kuwa shekara shida yana ciwo, bai taɓa hana ka fita kogi da asuba ba. Me ya sa sai wannan makon ya zama abin tausayi?

Ban ce maka komai a waya ba, domin na san Ginette na tsaye kusa da kai. Amma tun ranar Asabar da ka tafi na ga akwatin ƙwarinka na su, ƙwarin nan na gashi da zare da nake ɗaura maka a ƙugiya don yaudarar kifi, a bayan gwangwanin shayi, an tura shi can ciki, an jingina masa kwalin gishiri. Valmond, ka manta ranar aurenmu sau biyu. Ka manta hularka a coci, ka manta Donat a gidan aski yana ɗan shekara biyar. Akwatin nan kuwa ko da aka kwantar da kai asibiti sai da ka sa aka kawo maka shi. Da gangan ka ajiye shi, don ka sami abin faɗa idan ƙuguna bai isa hujja ba. Gobe Donat zai kai kaya Montreal da babbar motarsu, zan ba shi akwatin tare da wannan wasiƙa. Hujja ɗaya ta tafi ke nan.

Kafin mu zo ga sauran, bari in gaya maka abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ka san yadda ƙirjina ke cika idan aka ambaci sunanka a kanti? Shekara arba'in da shida kana yi wa baƙi jagora a kogin nan, kuma ƙa'idar da mahaifinka ya bar maka ba ka taɓa karya ta ba: wanda ke riƙe da koma ba ya riƙe sandar fatsa. Kai ka san dutsen da kifin salmon ke hutawa a bayansa. Kai kake karanta fuskar ruwa kamar yadda Fada ke karanta littafinsa a coci. Kai za ka tura kwalekwale ba tare da ko ɗigo ya yi ƙara ba, ka zaɓi ƙwaro, ka ƙulla shi a zare da hannunka, ka ce wa baƙo, "Jefa can, Yallaɓai, gaban kumfar nan kaɗan." Idan kifi ya kama, shi ake ɗauka hoto. Kai kana gefe, rabin kafaɗarka kawai ke fitowa. Na tara hotunan nan cike da kwali, babu kafaɗar da ta kai taka yawo a duniya. Sau nawa baƙo ya miƙo maka sandarsa ya ce ka jefa ko sau ɗaya, ka ce a'a, ranarsa ce? Idan kuma baƙi suka watse a watan Oktoba, doka ta rufe kogi. Mutumin da ya fi kowa sanin salmon a wannan gaɓa, kwanakin da yake kama wa kansa a shekara ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wasu matan suna taƙama da gidan bene. Ni taƙamata namijin da ya iya tsayawa a bayan wani ya bar shi ya ci nasara.

Ka tuna ranar da muka fara magana? Ina 'yar shekara ashirin da ɗaya, ina girki a masaukin baƙi na bakin kogi, na gama goge daɓe ke nan ka shigo da takalman ruwa duk laka. Na wanke ka tas a gaban mutane. Na ce ashe ba a koya maka bambancin kicin da garke ba. Ka tsaya kana jujjuya hula, kunnuwanka sun yi ja kamar ganyen kaka. Washegari ka dawo daga kai sai safa mai huda, ka ajiye gashin zakara uku da ƙugiya a kan tebur, ka ce, "Malama, tunda hannunki ya iya komai, ɗaura mini ƙwaro mu gani ko kifi ma zai ji tsoronki." Don haushi na ɗaura. Na zaro jan zare daga bakin rigar girkina, na haɗa da jelar kurege, na yi wani abu mai kama da tsintsiyar da ta sha wahala, na jefa maka. Kafin tsakar rana baƙonka ya kama kifin da ya fi na kowa a wannan shekarar. Da yamma ka leƙo ta taga, ba ka yarda ka shigo ba, ka ce, "Na raɗa masa suna. Mai Faɗa." Na jefe ka da tsumma, amma da na juya kan tukunya sai na tarar ina murmushi ni kaɗai, wake kuma ya kama. Tun daga ranar zuciyata ta bi ka kamar yadda salmon ke barin teku mai faɗi ya nufo ƙaramin rafin da ya sani, yana tsallake duwatsu, ba ya ci, ba ya waiwaye.

Mai Faɗa kuwa ya yi yawon da ni da kai ba mu yi ba. Duk baƙon da zai tafi sai ya ɗebi ƙwarina, bayan wata da watanni kuma sai kati ya iso. Kai ko ka manna taswirar duniya a bangon kicin ɗina ba tare da neman izini ba, kana soka allura mai jan kai a duk inda ƙwarona ya kama kifi. Iceland, inda suka ce rana ba ta faɗuwa da bazara, ruwan kuma ana ganin tsakuwar ƙasansa kamar a cikin kwano. New Zealand, inda sai an yi rarrafe a ciyawa don kada kifi ya hango inuwar mutum. Mongoliya, inda wani likitan haƙori ya rantse maka akwai kifi mai tsawon mutum da ke haɗiye ɓera, har ka sa na ɗaura ɓeran ƙarya da gashin barewa, ni Noella, matar aure mai zuwa coci. Sai wasu tsibirai a tekun Indiya da ban iya faɗin sunansu ba, inda ake tafiya cikin ruwa iya gwiwa a kan farin yashi. Da rana tsaka a watan Fabrairu, kogi ya daskare, babu aiki, za ka tsaya gaban taswirar nan da kofin shayi har ya huce, kana ba ni labarin ruwan da ba ka taɓa gani ba kamar a can aka binne cibiyarka. Amma yatsanka kullum ƙasa yake gangarawa, can ƙarshen Ajantina inda ƙasa ta tsuke kamar jelar kifi, ya tsaya a kan kogin Rio Grande. Ka ce a can iska na iya kayar da doki, kifi kuma yana shigowa daga teku yana ƙyalli kamar sabon cokali, daidai lokacin da mu nan muke cikin ƙanƙara. Ka ce, "Can kaɗai, Noella. In na je can, sauran na yafe."

Ni kuma me nake cewa? Cewa nake mutumin kirki ba ya ƙetare duniya don ya wahalar da kifi ya sake shi. Har gobe ban gama yarda da wannan ɗabi'a ba, a kama abinci, a shafa masa baya, a mayar da shi ruwa, alhali akwai masu kwana da yunwa. Na faɗa wa baƙinka haka a fuskarsu. Shekara ashirin da biyu da suka wuce wani baƙo ya ce zai tafi da kai Iceland, kai ka yi su, shi ya riƙe koma. Ka shigo gida fuskarka kamar ta wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. Na ce Ginette na shirin jarrabawa, rufin ɗaki na yoyo, uba ba ya barin gidansa ya tafi wasa. Ka ce to. Ka hau rufin ka gyara shi a satin da ya kamata a ce kana can. Ban yi ƙarya ba a ranar, rufin na yoyo. Amma bokiti biyu sun isa su tare ruwan har ka dawo, kuma tun a lokacin na san haka. Na hana ka ne don ina tsoron ka ga ruwan da ya fi namu kyau, ka dawo kana kallon kicin ɗina kamar ƙaramin wuri. Wannan yana wuyana har yau. Sau ɗaya aka tare maka hanya da sunana, kuma ni na yi. Ba za a yi na biyu ba, ko da kai ne za ka yi.

To ga gaskiyar. Na sani, Valmond. Na san zancen idonka.

Bara waccan, a watan Yuli, na kawo muku abincin rana bakin ruwa, kai da likitan nan na Boston mai yawan dariya. Ba ku ji zuwana ba. Na tsaya a bayan itace na ga ka juya wa baƙo baya, ka ɗaga ƙugiya sama wajen haske, kana neman zura zare a kafarta. Na ƙirga. Sau bakwai zaren yana wucewa ta gefe. Kai da kake zura shi a karo ɗaya cikin kwalekwale mai tangaɗi, kana hira! Sai na ji ka yi dariya ka ce, "Likita, shekara goma kana zuwa nan ana ɗaura maka kamar jariri. Yau dai ka koya. Ba zan bi ka Boston in riƙa ɗaure maka takalmi ba." Ya yi ta ƙyaƙyatawa, ya karɓa ya ƙulla, yana jin an ɗaukaka shi. Ni kuwa na koma mota na zauna da kwandon abinci a cinya har miya ta huce. Daga baya na tsinci takardar likitan ido a aljihun wandonka wajen wanki. Na karanta ta sau uku. Tsakiyar ganin ne ke dusashewa, gefe yana nan. Za ka ga kogi daga gaɓa zuwa gaɓa, amma ƙaramin abin da ka sa a gabanka sai ya ɓace. Na ninke takardar yadda take, na mayar da ita.

Ka tuna da ka ce sababbin ƙugiyoyin da nake ɗaura ƙwari a kansu ba su da fasali, kafarsu ta yi faɗi kamar zoben labule? Na ce maka kanti ba su da wasu. Ƙarya na yi. Ni na aika aka kawo su musamman, ƙananan kuma suna nan cikin gwangwanin maɓallai. Ni da na wanke wa Donat baki da sabulu a kan ƙaryar alawa guda, na dubi mijina ido cikin ido na shirga masa ƙarya, har sau uku. Na je na furta wa Fada. Ya tambaye ni ko na tuba. Na ce masa ina ƙoƙari, amma na riga na aika a ƙaro wasu. Shekara guda suka taimake ka. Bara kuwa na ga ko su sun fara gagarar ka, na ga yadda baƙinka duk suka zama ɗalibai, kowa ya koma gida yana taƙamar Valmond ya koya masa ƙulli.

Saboda haka kada ka kawo mini zancen ƙugu. Abin da ya tsaya maka a wuya shi ne mutumin nan Anibal, wanda Ginette ta ce shi zai yi maka jagora a can. An riga an gaya masa ko kai wane ne. An ce masa babban jagoran Miramichi ne zai zo, shekara arba'in da shida a ruwa. Kuma ka san ladabin sana'arku, jagora ba ya taɓa zaren jagora ɗan'uwansa sai an roƙe shi. Zai tsaya gefe da komarsa, don girmamawa, yana jira ya ga yadda gwani ke ƙulli. Kai kuma kana tsaye cikin iska da ƙugiya a hannu, babu baƙon da za ka mayar ɗalibi. Sai dai ka buɗe baki ka ce, ɗan'uwa, ƙulla mini, ba na gani. Wannan kalma guda ta fi maka teku faɗi. Ita ta tura akwati bayan gwangwanin shayi.

Yanzu ka saurare ni, don zan yi maka faɗan da na saba. Girman kai zunubi ne, ko ya sa rigar kunya, ko ya sa rigar tausayin mata. Haka na koya wa 'ya'yanmu, kuma ba zan ɗaga wa ubansu ƙafa ba. Ka tuna tsohon alƙalin nan da hannunsa ke rawa har shayi na zuba masa a riga? Shekara tara kana ƙulla masa, kana riƙe masa gwiwar hannu idan zai shiga kwalekwale, kana yi kamar kai ne ke neman abin dafawa. Ka taɓa raina shi? Ka taɓa dawowa gida ka yi masa dariya? Cewa kake, "Mutumin nan ya san ruwa, Noella, hannun ne kawai ya ci amanarsa." To me ya sa kake zaton Anibal bai kai ka mutunci ba? Ko kana ganin kai kaɗai Allah ya ba zuciyar yi wa mutum hidima ba tare da ƙasƙantar da shi ba? Dubban ƙulli ka yi wa mutane. Idan duk wanda aka ƙulla wa ya zama abin tausayi, to ka ƙare rayuwarka kana wulaƙanta bayin Allah ke nan, ni kuwa na san ba haka ba ne, domin har yau suna aiko maka da kati. Wanda zai ƙulla maka kuma zai ga abin da ya biyo baya. Zai ga ka dubi kogin da ba ka taɓa gani ba, ka nuna masa inda kifi ke kwance kafin ya buɗe baki. Wannan idon bai je ko'ina ba. Zai koma gida ya ba matarsa labari.

Kada ka zaci ina tura ka ne don gidan ya yi mini daɗi. Kwana biyu ke nan da tafiyarka, gidan ya zama kamar kogin nan namu a wannan watan, a sama shiru, a ƙasa ruwa na ta gudu cikin duhu. Na dafa shayi na zuba kofi biyu. Na yi romon kaza da dankali, na rage gishiri saboda hawan jininka, na zauna na ci lami ni kaɗai. Babu wanda zai yi minshari a kujera bayan abincin rana, ya farka ya rantse idonsa biyu. Wa zan yi wa faɗa, Valmond? Wa zai yi shiru ya bar ni in gama, sannan ya ce, "An ƙare wa'azi ke nan, ko a zagayo da faifan baikon coci?" Da za ka turo ƙofa gobe, jaka a kafaɗa, ƙanƙara a gemu, Allah ya sani ƙafafuna za su riga hankalina isa wurinka. Ina son ka kamar yadda ƙasa ke son narkewar ƙanƙara. Ina son ƙamshin hayaƙi da ruwan kogi da ke jikin rigarka, ina son tafin hannunka da gora ta mayar kamar ɓawon itace, ina son shirunka da ya fi maganar maza goma nauyi. Amma idan ka dawo yanzu, rabin mutum za a dawo mini da shi, wanda zai zauna a kicin ba ya ƙara ɗaga kai ya dubi bango. Ni kuwa cikakke na aura, cikakke nake so a mayar mini.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi wuya, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Ba zan umarce ka da abin da ni ban yi ba.

Na yi maka alkawarin ƙwari ashirin da huɗu na tafiyar nan, ka tarar da tara a akwati, na ce maka tara sun ishi mai hankali. Sauran sha biyar suna cikin aljihun teburina tun kafin Kirsimeti, jikinsu a naɗe, gashinsu a zaune, na danne bakin zaren da kaki, amma babu ƙullin ƙarshe a kansu. Manyan yatsuna sun daina yi mini biyayya. Naɗi ina iyawa, amma ƙaramin ƙullin nan na kai, wanda in babu shi ƙwaro zai warware a jifa na uku, sai in kama zare ya zame, in sake kamawa ya zame. Taran nan ma kowanne sai da na jiƙa hannu a ruwan zafi. Alƙalami mai kaurin nan ba don idonka kaɗai na zaɓe shi ba. Ka ga ashe gida ɗaya muke zaune, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Yau da safe na zuba su a kwano, na sa rigar sanyi, na taka gida uku zuwa wurin Carole matar Donat. Ka san abin da ke tsakanina da ita. Shekara goma sha ɗaya ina gyara mata ninkin tawul, ina ce mata miyarta ruwa ce, kuma sau biyu ta roƙe ni in koya mata ɗaurin ƙwaro na ce hannunta na gaggawa ne. Na san ta koya a bayan idona wurin wata mata a garin Doaktown, Donat ya taɓa suɓutar da baki. Na daɗe tsaye a ƙofarta ban ƙwanƙwasa ba. Sau biyu na juya zan koma. Da ta buɗe, na miƙa mata kwanon, na ce, "Carole, 'yata, gama mini waɗannan. Hannuna ya ƙi." Da bakina na faɗa, a tsaye, gari a waye. Na jira ƙasa ta tsage. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Shigo, Mama, sanyi na shigowa. Amma ki sani, in kika ce na yi gaggawa, shayi kofi ɗaya za ki samu, ba ƙari."

Muka zauna a teburinta, ina miƙa mata ɗaya bayan ɗaya tana ƙullawa. Ba ta tambaye ni tun yaushe ba. Ba ta ce mini sannu ba, da ta ce da na tashi na tafi. Sau ɗaya kawai ta tsaya, ta jujjuya wani a haske, ta ce, "Mama, yaya kike sa jelar nan ta tsaya haka? Tawa kullum kwanciya take kamar raggon kare." Na nuna mata. Ƙullinta yana da kyau, Valmond. Ya matse, ya yi ƙanƙane, ya fi nawa na shekarun nan. Na faɗa mata haka, kuma har yanzu ina raye. Na dawo gida da ƙafata, na ci abincin rana, ga ni ina rubutu.

Saboda haka ka buɗe akwatin. Ashirin da huɗu ne cif. Tara nawa ne daga farko har ƙarshe, sha biyar ni na fara wata ta gama, kuma na cakuɗa su, ba zan gaya maka wanne ne wanne ba. Ranar Alhamis ka sa rigar ulun nan mai kauri, ka sha maganinka, ka hau jirgi. Idan ka isa bakin ruwan, ka gaishe da mutumin, ka zaɓi ƙwaronka da kanka, ka miƙa masa zare, ka faɗi kalmar a sarari, ba wasa, ba dabara. Numfashi ɗaya ce tak. Na auna ta yau da safe. Bayanta kuwa sanda tana hannunka, kogi yana gabanka, wani ne a baya riƙe da koma.

Ni ina nan inda ka bar ni. Ko sati biyu ne, ko iska ta riƙe ku wata guda, ko idon ya rufe gaba ɗaya wata rana har sai na riƙa gaya maka launin ruwa, ni ce dai, ba na canjawa, ba na gajiya, ba na zuwa ko'ina. Sau ɗaya na zaɓe ka, kuma ban taɓa komawa na sake duba zaɓin ba.

Taka har ranar da za a kwantar da mu gefe da gefe a bayan coci,

Noella